A Koya wa Matasanmu Yadda Sassan Manhaja Ke Sauraron Juna

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi matasan da ke rubuta manhajojin kwamfuta a nan Damagaram, da kuma ƴan kasuwa da masu farmasi da masu makarantu da ke sayen aikinsu. Ina nufin yadda ake haɗa sassan fuskar manhaja, wato tagogi da maɓallai da jadawalai da akwatunan rubutu, ta yadda idan abu ya faru a wani sashe sauran za su sani su gyara abin da suke nunawa. Da jin sa za a ɗauka zancen masu sana'a ne kawai, amma sakamakonsa yana fita ne a lissafin kuɗin mutanen da ba su taɓa ganin layi ɗaya na rubutun manhaja ba.

Sana'ata ke nan, kuma sau da yawa ana kawo mini gyaran manhajar da wani ya rubuta ya bar gari ko ya samu aiki a Yamai. Har yanzu manhajar da ke zaune a kan kwamfutar tebur, wadda ba ta jiran intanet, ita ce ta dace da mafi yawan shagunanmu, domin mai kanti a kasuwar Dole ko a Zango ba zai tsayar da ciniki ya jira hanyar sadarwa ta dawo ba. Wasu da harshen Java suke rubutawa, wasu da C# ko Visual Basic, wasu da Python ko WinDev, amma ciwon da nake tararwa iri ɗaya ne.

Ga wanda bai san sana'ar ba, manhajar da ke da tagogi zaune take tana jiran abin da mutum zai yi. Idan ya danna maɓalli, ko ya rubuta harafi, ko ya zaɓi layi a jadawali, sai a samar da wani ɗan saƙo da ake kira aukuwa, a sa shi a layi, sannan a miƙa shi ga kowane guntun rubutu da ya riga ya yi rajista cewa a sanar da shi idan irin wannan ya faru. Wannan guntun rubutu shi ne mai sauraro. Java ta koma wannan tsari ne a sigarta ta 1.1 da ta fito a 1997, kuma yau kowane ɗalibi yana koyon addActionListener, umarnin yi wa mai sauraro rajista, tun a darussan farko. Muddin maɓallin da abin da zai canza suna cikin taga ɗaya ba a samun wata matsala, sai ranar da aka buɗe taga ta biyu.

Mu ɗauki manhajar farmasi, wadda na fi yawan gani. Akwai tagar ciniki inda mai sayarwa ke shigar da sunan magani da adadi. Akwai tagar kaya mai jadawalin duk abin da ke kan kanta da wanda ke cikin sito. Akwai wani ɗan sashe a gefe da ke yin ja idan wani magani ya kusa ƙarewa. A can ƙasa kuma akwai jimillar kuɗin da aka samu tun safe. Wata mata ta sayi kwali biyu na farasitamol, mai sayarwa ya danna maɓallin sayarwa. Nan take dole adadin da ke jadawali ya ragu da biyu, jimillar kuɗi ta ƙaru, sashen gargaɗi ya duba ko an sauka ƙasa da iyaka, a kuma buga rasit. To, ta yaya maɓallin da ke wannan taga zai taɓa jadawalin da ke waccan?

Amsar da na fi samu idan na buɗe aikin ita ce wadda ta fi kusa da hannu. NetBeans, manhajar da ake rubuta Java a cikinta, yana ajiye kowane maɓalli da jadawali a matsayin private domin kada wani aji, wato wani ɓangaren rubutun manhajar, ya sa masa hannu, sai marubucin ya shiga ya mai da jadawalin public static, daga nan kowace taga tana iya kiransa da sunansa daga ko'ina. Wani kuma sai ya miƙa tagar kaya ɗungurungum ga tagar ciniki lokacin ƙirƙirarta. Sannan mai sauraron maɓallin ya je ya karanto rubutun da ke gurbi na huɗu a layin maganin, ya mai da shi lamba, ya debe biyu, ya sake mai da shi rubutu, ya mayar. A ranar da ake nuna wa mai farmasi aikin komai yana tafiya daidai, a biya kuɗi, a rabu lafiya.

Sai an ɗan jima abin ke fitowa. Mai sayarwa ya kunna kwamfuta da safe ya wuce kai tsaye tagar ciniki bai buɗe tagar kaya ba, saboda haka jadawalin da ake kira bai ma wanzu ba tukuna. Manhaja ta rubuta kuɗin a rumbun bayanai, ta zo rage kaya ta ci karo da NullPointerException, kuskuren da ke fitowa idan an kira abin da babu, ta tsaya a tsakiyar aiki, ba kuma wanda ya gani domin saƙon kuskuren yana fita ne a inda mai shago ba ya dubawa. Wata rana wani ya danna kan jadawalin ya jera magunguna bisa farashi maimakon bisa suna. Lambar layin da ido ke gani ta saɓa da lambar layin da ke cikin bayanan, kuma da yake ba a kira convertRowIndexToModel mai daidaita lambobin biyu ba, sai a rage wani maganin daban. Ƙarshen wata a ƙirga kaya a ga ba su yi daidai da abin da kwamfuta ta ce ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin wanda ake fara zargi ba marubucin manhajar ba ne, yaron da ke tsaye a bayan kanta ne, kuma na san inda irin wannan zargi ya raba yaro da aikinsa ya kuma ɓata tsakanin gidaje biyu, alhali bai ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba.

Ko da ba a kai ga haka ba, manhajar takan gagari gyara. Mai farmasi zai dawo ya ce a ƙara tagar mayar da kaya, da ta bashi, da ta karɓar sabon kaya, kuma tagogi shida da kowace ta san sauran biyar suna iya haifar da igiyoyi har 30 da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka canza wurin gurbi guda a jadawali.

Tushen ciwon shi ne an mai da allon kwamfuta wurin ajiyar lissafi. Adadin farasitamol da ke shagon bai kamata ya zauna a cikin gurbin jadawali ba, domin jadawali abin nunawa ne kawai. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, ya tsara shi a 1979 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ya ware ɓangaren da ke riƙe da bayanai da dokokinsu daga ɓangaren da ke nuna su da kuma wanda ke karɓar abin da mutum ya yi. Shi ne tsarin da ake taƙaita sunansa da MVC, kuma abin takaici ne a ce ɗalibai da yawa suna iya zana shi a takardar jarrabawa amma ba a taɓa zaunar da su an nuna musu yadda yake komawa rubutu ba.

A aikace ga yadda yake. A rubuta aji guda wanda bai san taga ba bai san maɓalli ba, a kira shi KundinKaya. Shi ke riƙe da adadin kowane magani, shi kaɗai ke da ikon ragewa ko ƙarawa, shi ke rubutawa a rumbun bayanai, shi ke hana a sayar da abin da babu. A ba shi hanyar da duk mai so zai yi rajista a matsayin mai sauraro. A Java ba sai an ƙirƙiri wannan daga tushe ba, domin PropertyChangeSupport da ke cikin java.beans yana riƙe jerin masu sauraro yana kuma sanar da su idan aka kira firePropertyChange da tsohon adadi da sabo. Sai a ƙirƙiri kundi ɗaya tak lokacin da manhaja ta tashi, a miƙa shi ga kowace taga. Aikin maɓallin sayarwa ya koma abu ɗaya, ya gaya wa kundi cewa an sayar da kwali biyu. Kundi ya rage, ya rubuta, ya sanar. Jadawali, in yana buɗe, ya ji ya gyara layinsa. Sashen gargaɗi ya ji ya duba iyaka. In kuwa tagar kaya a rufe take babu abin da ya lalace, domin duk lokacin da aka buɗe ta za ta tambayi kundi halin da ake ciki. Kamar mai shelar Sarki ne da ke bi unguwa-unguwa a Birni yana faɗin saƙo, ba ya shiga gidan kowa ya gaya masa abin da zai yi, wanda ya ji ya san abin da ya shafe shi. Ranar da mai farmasi ya nemi sabuwar taga sai ita ma ta yi rajista, ba a taɓa ko layi ɗaya a tagar ciniki ba.

Ita kanta Swing, kayan gina tagogi na Java, wadda ta shigo cikin Java a siga ta 1.2 a 1998, a kan wannan tunani aka gina ta, sai dai ɗalibin da ya saba jawo maɓalli da linzami ya ajiye a kan taga ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Kowane JTable, wato jadawalin Swing, yana da TableModel mai riƙe da bayanansa a bayansa, kuma jadawalai biyu da ke tagogi daban suna iya tarayya a kan guda ɗaya. Idan aka gaji AbstractTableModel aka kira fireTableRowsUpdated, duka biyun za su sabunta kansu ba tare da wani ya haɗa su ba. Maɓalli da layin menu suna iya tarayya a kan Action ɗaya, ta yadda idan aka kashe shi da setEnabled, misali saboda ba a shigar da komai a cinikin ba tukuna, duka biyun za su dushe tare.

Akwai kuma inda ba bayanan shago ne suka canza ba, zaɓi ne kawai mutum ya yi. A manhajar makaranta, alal misali, jerin sunayen ɗalibai yana hagu, takardar sakamako da bayanin kuɗin makaranta suna dama. A nan ƙa'idar da nake bi ita ce kada sashen hagu ya ba kowa JList ɗinsa. Ya saurari jerinsa a cikin gida, sannan ya fitar da sanarwa ta kansa mai cewa an zaɓi ɗalibi mai lamba kaza, ba mai cewa an danna layi na bakwai ba. Uwar tagar da ta haifi sassan biyu ita kaɗai ce ta san su duka, saboda haka a wurinta ake ƙulla su, kuma tun da Java 8 ta kawo lambda, gajeriyar hanyar rubuta ɗan guntun aiki, a 2014 wannan ƙulli bai wuce layi ɗaya ba. Gobe ana iya cire jerin a sa akwatin bincike a gurbinsa sashen dama bai ma san an canza ba, wanda ya gaji aikin kuma zai buɗe fayil guda ya ga duk igiyoyin a jere.

Tunanin bai tsaya ga Java ba. Qt, kayan gina tagogi na harshen C++, wanda Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara a Norwe aka kuma fitar wa jama'a a 1995, ya gina komai a kan sigina: sashe yana fitar da ita da emit, wani sashe yana da aikin da zai karɓe ta, connect ya haɗa su ba tare da ɗayansu ya san ɗayan ba. A C# sashe yana bayyana event nasa, a yi rajista da += a janye da -=. A Tkinter na Python mutum yana ƙirƙirar aukuwa mai sunan da ya zaɓa da event_generate, a kama ta da bind.

Sai dai dole in yi gargaɗi, domin wannan hanya tana da nata tarkon, kuma a nan ne ma waɗanda suka fara ƙwarewa ke faɗawa. Rajista igiya ce mai ƙarfi, domin kundi yana riƙe da kowane mai sauraro da ya rubuta sunansa. Kundi yana rayuwa tun daga kunna manhaja har rufe ta, tagar rasit kuwa ana buɗe ta a rufe sau tari a yini. Idan taga ta yi rajista lokacin buɗewa ba ta janye lokacin rufewa ba, mai kwashe sharar ƙwaƙwalwa na Java ko na .NET, wanda ke share abin da aka daina amfani da shi, ba zai taɓa ta ba, domin a ganinsa har yanzu ana amfani da ita. A Swing ma, danna alamar rufewa a kan JFrame, wato tagar Swing, ɓoye tagar kawai yake yi idan ba a canza umarnin asali ba. Ke nan tagogin da mutum ke zaton ya rufe suna nan, suna cin ƙwaƙwalwa, suna kuma ci gaba da amsa kowace sanarwa. A kan tsofaffin kwamfutocin shagunanmu, waɗanda ake kunnawa da safe ba a kashewa sai bayan isha'i, alamar ita ce manhaja tana sauri da hantsi tana jan ƙafa bayan la'asar. Idan kuma mai sauraron da aka manta da shi aikinsa buga rasit ne, sai a ga takardu biyu ko uku sun fito a ciniki ɗaya, adadinsu daidai da sau nawa aka buɗe tagar. Maganin ba shi da wuya: duk inda aka rubuta addPropertyChangeListener a nemi inda aka rubuta removePropertyChangeListener, yawanci a cikin windowClosed, bayan an sa tagar ta riƙa rushe kanta da DISPOSE_ON_CLOSE. Qt yana yanke igiyar da kansa idan aka rushe mai karɓa, amma wanda ya haɗa sigina da lambda bai ambaci abin da lambdar ta jingina da shi ba ya rasa wannan kariya, kuma a C++ ƙarshen haka shi ne manhaja ta taɓa abin da aka riga aka rushe ta mutu nan take.

Wani tarkon kuma namu ne na gida. Kowa ya san a kasuwarmu da dala ake faɗin farashi alhali da sefa ake rubutawa, dala ɗaya sefa 5. Don haka akwai masu shagon da ke neman akwatuna biyu, na sefa da na dala, idan an rubuta 2500 a wannan wancan ya nuna 500, idan abokin ciniki ya ce dala ɗari biyar aka rubuta 500 ɗayan ya nuna 2500. Sabon hannu sai ya sa kowane akwati ya saurari ɗan uwansa. Na farko ya canza ya taɓa na biyu, na biyu ya ga ya canza ya koma ya taɓa na farko. A Swing wannan yana ƙarewa da kuskuren IllegalStateException, domin ba a yarda a canza Document, wato rubutun akwatin, ba yayin da yake cikin sanar da masu sauraronsa. Inda ba a samu wannan tsayarwa ba, zagayen yana iya ci gaba ba iyaka, ko kuma ya yi ɓarnar da ta fi wannan shiru: mutum ya fara rubuta 2500, yana buga 2 akwatin dala ya raba da biyar ya samu sifili, ya dawo ya goge masa abin da ya rubuta. Gyaran dai shi ne na baya. Adadi ɗaya ne, a ajiye shi wuri ɗaya da sefa a matsayin cikakkiyar lamba, akwatunan biyu su saurare shi, kada a sake rubutu a akwatin da hannun mutum ke ciki, kada kuma a fitar da sanarwa idan sabon adadi daidai yake da tsoho. Wannan binciken na ƙarshe firePropertyChange yana yin sa da kansa, a Qt kuwa marubuci ne zai sa sharaɗin kafin emit, ko ya toshe siginar na ɗan lokaci da QSignalBlocker.

Haka nan kada a dogara da wanda zai riga ji. Qt yana kiran masu karɓa bisa jerin da aka haɗa su, sassan Swing da yawa kuwa daga na ƙarshe suke farawa. Idan dole sai an rage kaya kafin a buga rasit, wannan dokar ciniki ce, wurinta cikin kundi.

Sai batun zaren aiki, wato layin da manhaja ke bi tana gudanar da umarni ɗaya bayan ɗaya. Duk masu sauraron fuskar manhaja a kan zare ɗaya suke gudana, kuma shi ne dai ke zana tagogi. Idan mai sauraro ya tsaya yana haɗa rahoton wata, ko yana jiran firinta, ko yana ƙoƙarin aika bayanai ta intanet mai rauni, duk manhajar ta sandare ke nan, kuma bayan kamar daƙiƙa 5 Windows zai rubuta a saman tagar cewa ba ta amsawa, abin da masu Windows na Faransanci suka sani da Ne répond pas. Abin da mai shago ke yi a wannan lokaci sananne ne: ya yi ta danna maɓallin, dannawar ta taru a layi ta gudana duka daga baya, ko ya kashe kwamfutar a tsakiyar rubutu. Aiki mai nauyi a kai shi wani zare, da SwingWorker a Java ko makamancinsa, bisa sharaɗin cewa wancan zare ba zai taɓa taga da hannunsa ba, zai mayar da sakamako ne ga zaren fuska ta SwingUtilities.invokeLater, ko ta Invoke a Windows Forms. Wannan ya shafi kundinmu kai tsaye, domin a Java da C# sanarwa tana isa ga mai sauraro ne a kan zaren da ya fitar da ita, saboda haka kundin da aka canza daga zaren baya zai jefa tagogi cikin haɗari ba tare da marubucin tagar ya yi wani laifi ba.

Wasu da suka gane amfanin raba sassa suna wuce gona da iri, su kafa tasha ɗaya ta saƙonni ga dukan manhaja, kowa ya jefa kowa ya ɗauka. Yana da daɗi da farko, amma idan aka kwana biyu ba wanda zai iya cewa wane ne ya aiko wannan saƙo, su wa kuma ke amsa shi. Masu kula da laburaren Guava na Google, waɗanda suka rubuta EventBus, irin wannan tasha da aka yi yayi, su da kansu sun rubuta a bayaninsa cewa ba sa ba da shawarar amfani da shi, kuma wahalar bin sawun mai aikawa da mai karɓa tana cikin dalilansu.

Na san abin da ƴan uwana matasa za su ce, domin suna faɗa mini: manhajar ƙarama ce, mai ita yana son ta kafin ƙarshen mako, kuma kuɗin da zai biya bai kai a tsaya ana tsara azuzuwa ba. Ta fuskar kuɗi suna da gaskiya, ana yi wa wannan aiki tayin da bai dace da wahalarsa ba. Amma ban yarda cewa hanyar da nake bayani ta fi tsawo ba. Kundin da na kwatanta bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, yana kawar da maimaicin da ake yi a kowace taga, kuma ana iya gwada shi ba tare da buɗe taga ko ɗaya ba: a sa kwali goma, a sayar da biyu, a tabbata takwas suka rage kuma sanarwa ɗaya ce ta fita. Sannan ranar da mai shagon ya buɗe reshe a Mirya ko Magarya, ko ya nemi ganin lissafinsa a wayar hannu, wanda ya ware kundinsa zai ɗauke shi ya tafi da shi, wanda ya binne lissafi a cikin maɓallai kuwa sai ya sake rubutawa daga farko.

Roƙona ga malaman da ke koyar da wannan fanni, a jami'a da cibiyoyin koyon sana'a da ɗakunan koyon kwamfuta na unguwa, shi ne su sa aikin taga biyu ya zama darasi mai zaman kansa. A ba ɗalibi jadawali a wata taga da maɓalli a wata, a hana shi public static, a kuma duba ko ya janye rajistarsa. Lokacin kare aikin ƙarshen karatu kada a tsaya ga kallon launi da kyawun fuska, a buɗe rubutun a ga inda adadin kaya yake zaune.

Ku kuma masu sayen manhaja, ba sai kun iya karanta Java ba kafin ku kare kanku da ma'aikatanku. Kafin ku biya cikon kuɗi ku zauna da wanda ya rubuta ta, ku yi ciniki ba tare da kun buɗe tagar kaya ba, sannan ku buɗe ta ku ga ko adadi ya ragu. Ku jera jadawalin bisa farashi ku sake sayarwa, ku duba ko maganin da kuka zaɓa ne aka rage. Ku buɗe tagar rasit ku rufe ta sau goma, ku sayar da abu ɗaya ku ƙirga takardun da suka fito. Ku nemi rahoton wata ku ga ko sauran maɓallai suna aiki yayin da ake haɗa shi. Idan kuma manhajar ta riga ta shiga aiki, aka wayi gari lissafinta ya saɓa da abin da ke kan kanta, ina roƙonku don girman Allah ku sa a yi waɗannan gwaje-gwaje tukuna kafin ku kira yaron shago ku tuhume shi.

Wassalam.

Naku,
Wani marubucin manhaja,
Unguwar Sabon Gari, Damagaram.